Rubutu ya ƙanƙance a sabon allon kwamfuta na 4K

Malam, ka ce tunda ka kawo allon 4K mai inci 27 shagonka na buga takardu a Ƙofar Ƙaura, rubutu ya ƙanƙance har idanunka na ciwo. Allon lafiyarsa ƙalau. Ɗigo 3840 sau 2160 aka cusa masa, wajen 163 kowane inci, alhali tsofaffin manhajojin Windows kan ɗigo 96 kowane inci aka gina su, shi ya sa rubutun ya ƙanƙance.

Don Allah kada ka rage yawan ɗigon, rubutun dusashewa zai yi. Shiga Settings, System, Display, ka ɗaga Scale, wato girman rubutu da sauran abubuwan da ke kan allo, zuwa 150%. Ni a nan na fi samun sauƙin ido, musamman da yamma.

Tsohuwar manhajar da ta yi hazo-hazo kuwa, buɗe Properties ɗinta, Compatibility, Change high DPI settings, ka gwada zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya.