Ta Yaya Za a Jera 2 Har Sau √2?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. An koya mana cewa 2³ na nufin a jera 2 sau uku a ninka, wato 2 × 2 × 2. To jiya na danna 2 mai fawa √2 a kalkuleta, ta ba ni 2.665144. Yaya ake jera 2 har sau √2, alhali an ce √2 ba ta da ƙarshe? Ko kintace kalkuletar ta yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara basira. Ni ma na yi wannan tambayar ina ɗan makaranta, aka ce mini "rubuta abin da ka gani kawai." Na daɗe abin yana ci mini rai, shi ya sa ba na son ɗalibina ya kwana da shi.

Zancen "a jera sau kaza" tun a kan rabi yake ƙarewa, domin babu mai jera 2 sau rabi. Abin da ke ci gaba da aiki shi ne ƙa'idar nan: in za a ninka 2² da 2³, sai a tara lambobin da ke kafaɗa, wato fawa, a samu 2⁵. To in kafaɗar rabi ce, rabi da rabi ɗaya ne, ke nan 2 mai fawa rabi ita ce lambar da in ta ninka kanta za ta ba da 2. Haka 2 mai fawa 1.4: ai 1.4 bakwai bisa biyar ce. Ki jera 2 sau bakwai, 128 ke nan, sannan ki nemo lambar da in an jera ta sau biyar an ninka za ta ba da 128. Ita ce 2.6390 da 'yan kai.

Ita kuwa √2, wato lambar nan da in ta ninka kanta za ta ba da 2, ba ta rubutuwa a matsayin kaza bisa kaza, Girkawa sun tabbatar da haka fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma kada rashin ƙarshen lambobinta ya sa ki ɗauka ba ta da mazauni. Ki shata murabba'i a ƙasa, kowane gefe mita ɗaya, ki ja igiya daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Tsawon igiyar nan shi ne √2, ga shi a hannunki.

Yanzu ki tuna ciniki a kasuwa. Mai saye yana tayi daga ƙasa yana hawa, mai kaya yana cewa albarka yana saukowa kaɗan-kaɗan. Mun san √2 ita ce 1.41421 da sauransu. Mai saye ya taya da fawa 1.4, ya samu 2.6390. Ya ƙara zuwa 1.41, ya samu 2.6574. Ya je 1.414, 2.6647. Ya je 1.4142, 2.6651. Mai kaya kuma ya fara da 1.5, wato 2.8284, ya sauko 1.42, 2.6759, sai 1.415, 2.6666, sai 1.4143, 2.6653. Dubi tazarar da ke tsakaninsu. Da farko ta kusa 0.19, a taki na huɗu ta koma kamar 0.0002.

A kasuwa akan kai ga "na sallama." A nan ba a kaiwa, kuma wannan ne wurin da nake so ki tsaya sosai. Duk ƙanƙantar tazarar da kika ambata, in aka ci gaba sai an shiga ƙasa da ita. Saboda haka lambobi biyu daban ba za su iya zama a tsakanin masu cinikin nan har abada ba, dole wata rana tazarar ta yi musu kaɗan. Lamba ɗaya tak ke rage, wadda ta fi kowane tayi kuma ba ta kai kowane farashin mai kaya ba. Ita ce maƙurar da duka biyun suka dosa, ita muke kira 2 mai fawa √2. Lambar tsayayya ce daram. Kalkuleta ta nuna miki farkonta ne, gwargwadon abin da fuskarta za ta ɗauka.

Kuma ki sani, lambar da kika danna ta ba manya aiki. A 1900, a birnin Paris, masanin lissafi David Hilbert ya gabatar da matsalolin da suka gagari masana lissafi, ta bakwai a jerinsa ta ambaci wannan lambar, tana neman a tabbatar da irin lambar da ita da ire-irenta suke. Rodion Kuzmin ya warware nata a 1930, sannan a 1934 Gelfond a Rasha da Schneider a Jamus, kowa da nasa aikin, suka warware matsalar gaba ɗaya. Cikin abin da ya tabbata har da cewa ita ma ba ta rubutuwa a matsayin kaza bisa kaza.

Ga aikin gida. Ɗauki 2.665144 ɗin nan ki sake ɗora mata √2 a kafaɗa. Kafin ki danna, ki tuna cewa fawa a kan fawa ninkawa ake yi, kuma √2 × √2 daidai yake da 2. Rubuta amsar da kike zato a takarda, sannan ki danna, ki aiko mini da abin da kika gani.