Malam, Kwana 80 Ina Jiran Lasisin Bindiga a Ilinoi, Zan Iya Ajiye Ta a Mota Kafin Ya Fito?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shikago, shekarata 7 a Amurka, ina da katin zama na dindindin. Aikina kai kaya gidajen mutane da motata, galibi da daddare. A watannin baya wasu samari biyu suka tare ni a bakin wani gida, ɗaya ya ɗora mini bindiga a ƙirji, suka karɓe waya da kuɗi. Tun ranar ba na samun barcin kirki. Na nemi katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga na jihar Ilinoi, na samu, na sayi ƙaramar bindiga, na yi kwas, na tura takardun neman lasisin ɗaukar ta a ɓoye. Ban ba da zanen yatsu ba, don an ce mini ba dole ba ne. Yau kwana 80 ke nan, duk lokacin da na duba a intanet sai in ga ana kan dubawa. Wani abokina da ke Teksas ya ce su can ba a neman lasisi ma, in sa ta ƙarƙashin kujerar mota kawai, ai takarduna suna hanya. Har yaushe ake jira? Kuma me ka gani game da shawarar abokina?

Daga wani mai karatu a Shikago

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya tsare gaba, Ya kwantar maka da hankali. Wanda bai taɓa ganin bakin bindiga a ƙirjinsa ba ba zai gane abin da ke hana ka barci ba, kuma ban ga laifinka ba da ka nemi hanyar kare kanka.

Zan fara da tambayarka ta biyu don ita ce ta tayar mini da hankali. Don Allah kada ka sa bindigar nan ƙarƙashin kujera. Ko na dare ɗaya. A Ilinoi katin FOID izinin mallaka ne kurum: ka saya, ka ajiye a gidanka, ka sayi harsashi. In za ka fita da ita da wannan katin kaɗai, sai ka cire mata harsashi ka rufe ta cikin akwatinta. Bindiga mai harsashi a ciki, a inda hannunka zai kai gare ta a mota, ba tare da lasisin ɗauka ba, babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Shaidar cewa ka tura takardu ba lasisi ba ce, kuma ɗan sandan da ya tsayar da kai saboda fitilar baya ta mutu ba zai karɓe ta a matsayin lasisi ba.

Ga kai kuma abin ya fi haka nauyi. Ɗan ƙasa in kotu ta same shi da laifin bindiga, zai yi zaman da aka yanke masa ya fito ya koma gidansa. Mai katin zama na dindindin kuwa, dokar shige da fice ta tarayya ta sanya laifin bindiga cikin dalilan da ake tisa ƙeyar mutum zuwa ƙasar da ya fito. Shekara 7 na wahala, da shirin zama ɗan ƙasa, da iyalin da ke dogara da kai, duk za su iya tafiya a tsayawar mota guda. Abokinka ba ƙarya ya yi ba game da Teksas: tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21, kuma doka ba ta haramta masa bindiga ba, yana iya ɗauka a can ba lasisi. Jihohi 29 ne ke da irin wannan tsari. Ilinoi ba ta cikinsu, kuma a nan kake tuƙi.

To, batun jira. Dokar Ilinoi ta ba 'yan sandan jiha kwana 90 su yanke hukunci idan mai nema ya haɗa da zanen yatsunsa, kwana 120 idan bai haɗa ba. Wanda ya ce maka ba dole ba ne gaskiya ya faɗa, amma bai gaya maka cewa wata guda ka ƙara wa kanka ba. Saboda haka a kwana 80 ba ka ma fita daga wa'adi ba, da sauran kwana 40. Cikin wannan lokaci ana tura sunanka ga hukumomin tsaro na inda ka zauna, su ma suna da kwana 30 su ce suna da ja. In wani ya yi ja, takardunka sai su tafi gaban wani kwamitin bita, lissafin kwanakin kuma ya tsaya har sai kwamitin ya gama. Irinmu da muka zo daga waje sau da yawa abin da ke riƙe mu ƙarami ne: fom ɗin yana neman duk adireshin da ka zauna cikin shekara 10 da suka wuce, kai kuma 3 daga cikinsu a wajen Amurka ka yi su. Ko kuma sunanka a lasisin tuƙi an rubuta shi da wani harafi, a katin zama da wani. Ka buɗe fom ɗinka ka sake karantawa layi-layi, ka duba akwatin imel ɗinka har da inda saƙonnin shara ke faɗawa, don wani lokaci a can wasiƙar neman gyara take kwance.

Ni kaina na bi wannan layi. Ba na manta ranar da na je ba da zanen yatsu, wata dattijuwa ta kama hannuna tana mirgina yatsuna ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin na'ura, ɗan yatsana na hagu ya ƙi fita sai da ta shafa masa ruwa sau uku. Kwas ɗin awa 16 ne, kwana biyu cur. A rana ta biyu muka shiga filin harbi, aka ba kowa abin toshe kunne, harsashi 30 a kan hoton takarda: 10 daga yadi 5, 10 daga yadi 7, 10 daga yadi 10, kuma sai ka sami kashi 70 cikin 100 za ka ci. Na biya dala 150, lasisin na shekara 5 ne. Na yi jira ina duba shafin nan safe da yamma kamar yadda kake yi. Jiran yana da ciwo, kuma ina cikin masu ganin cewa wanda ke aikin dare a unguwa mai haɗari shi ya fi kowa cutuwa da shi, don mai kuɗi yana da mai gadi. Amma abin da ya fi zauna mini a rai daga kwas ɗin ba harbin ba ne, awannin da aka yi ana karanta mana inda ba a shiga da ita ne.

Ka san Ilinoi ce jiha ta ƙarshe a Amurka da ta yarda da wannan lasisi, a 2013, kuma sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tilasta mata a ƙarshen 2012. Shi ya sa ta tsaurara. Sauran jihohi kowa da nasa: a Fensilbaniya ofishin sherif, wato babban jami'in tsaro na gunduma, ke bayarwa cikin kwana 45 a kan dala 20, ba a ma neman kwas, a Minesota kwana 30, a Fulorida kwana 90, kuma ma'aikatar gona ce ke bayarwa. A jihar Niu Yok doka ta ba hukuma wata 6, ana neman awa 16 a aji da awa 2 na harbi da mutum 4 da za su shaidi halinka, a cikin birnin kuma kuɗin fom kaɗai dala 340 ne. Kafin Yunin 2022 a Niu Yok sai ka nuna dalili na musamman za a ba ka. Kotun Ƙoli ta soke wannan sharaɗi a shari'ar Bruen, alƙalai 6 suka rinjayi 3, Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta hukuncin. A cikinsa an bar ƙofa a buɗe ga wanda zai ƙalubalanci jinkiri mai yawa ko kuɗi mai tsanani. Don haka in kwana 120 suka cika ba ka ji komai ba, kana da bakin magana: ka rubuta wa hukumar, ka ajiye kwafi, ka je ofishin ɗan majalisar jiha na mazaɓarka, in ta kama ka ga lauya.

Ranar da katin ya iso kuma, kada ka ɗauka an gama. Da lasisin a aljihunka ba ka shiga da bindiga makaranta, ko asibiti, ko kotu, ko ginin gwamnati, ko filin wasan yara, ko bas da jirgin ƙasa na haya, ko mashayar da yawancin cinikinta giya ne, ko duk shagon da ya manna alamar hani a ƙofa. Gidan waya na tarayya ne, nan ma haramun ne. Kai da ke shiga gine-gine 20 a dare ɗaya, ka yi tunanin yadda za ka yi da ita a kowace ƙofa. Ka karanta kuma yarjejeniyarka da kamfanin da kake yi wa aiki. Uber da Lyft, alal misali, sun hana direbobinsu ɗaukar bindiga a bakin aiki, da lasisi ko babu.

Lasisin kuma ba ya bin ka ko'ina. A 2013 wata mata mai 'ya'ya biyu daga Filadelfiya, Shaneen Allen, ta tsallaka Niu Jazi da bindigarta da lasisinta na Fensilbaniya. Da aka tsayar da ita a hanya, da bakinta ta gaya wa ɗan sanda tana da bindiga. Aka kama ta, ta yi makonni a tsare, tana fuskantar ɗaurin shekaru, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ita 'yar ƙasa ce, kuma duniya ta ji labarinta. Kafin ka tsallaka kowace iyaka, ka duba dokar jihar da za ka shiga da ta duk wadda za ka ratsa.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba, don ni da kai fatarmu ɗaya. Ranar 6 ga Yuli 2016 aka tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile a Minesota. Yana da lasisi. Ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa, cikin daƙiƙu kaɗan ɗan sandan ya buɗe masa wuta, harbi 7, ya kashe shi, budurwarsa da 'yarta 'yar shekara 4 suna cikin motar. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Tun daga lokacin ba na ajiye lasisin tuƙi a aljihun baya. In an tsayar da ni da dare, ina kashe mota, in kunna fitilar ciki, in sauke gilashi, in ɗora hannuwana biyu a kan sitiyari a buɗe. Ba na miƙa hannu ko'ina sai na faɗi abin da zan ɗauko kuma an ce in ɗauko. A Ilinoi in ɗan sanda ya tambaye ka ko kana ɗauke da bindiga, wajibi ne ka faɗa ka nuna lasisi.

Ka ce ba ka barci. Ina roƙonka ka ɗauki wannan da muhimmanci kamar yadda ka ɗauki lasisin. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka duk shekara, su suka harbi kansu. Ka ga likita ko mai ba da shawara, ka gaya wa matarka ko wani babba da ka yarda da shi halin da kake ciki. A kwanaki 40 ɗin nan ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli, musamman in akwai yara a gidan, ka riƙa zuwa filin harbi da ita a rufe ba harsashi, ka kuma nemi a sauya maka unguwa ko lokacin aiki. In an sake tare ka, ka miƙa wayar da kuɗin; doka ba ta ba ka damar harbin wanda ya juya baya yana gudu da kayanka ba.

Tambaya:

Malam, ni ɗaliba ce a wata jami'a a Teksas, da bizar karatu na zo. Ina dawowa daga ɗakin karatu da tsakar dare ni kaɗai, ina jin tsoro. Tunda an ce nan ba a neman lasisi, zan iya sayen ƙaramar bindiga?

Daga wata ɗaliba a Teksas

Amsa:

A'a 'yata. Sassaucin Teksas bai shafe ki ba, domin dokar tarayya tana sama da shi. Wanda ya shigo Amurka da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta ziyara ko ta aiki, an haramta masa riƙe bindiga ko harsashi, sai 'yan togaciya kaɗan kamar mai lasisin farauta, kuma ba na ba ki shawarar ki bi ta wannan ƙofar ba tare da lauyan shige da fice ba. Hukuncin karya dokar yana kai wa shekara 15 a kurkuku, ban da rasa biza. A shagon bindiga za a ba ki fom mai lamba 4473 da ke tambayar matsayinki a ƙasar, FBI ta bincika, kuma yin ƙarya a kansa laifi ne mai zaman kansa. Kada ki karɓi ta aro, kada ki yarda wani ya saya miki da sunansa. A harabar jami'a ma, ko ɗan ƙasa sai da lasisi yake shiga da ita.

Gobe da safe ki je ofishin 'yan sandan jami'arku ki tambayi lambar masu rakiyar dare; yawancin manyan jami'o'i suna da motar da ke kai ɗalibai har ƙofar masauki kyauta. Ki sa lambar a wayarki, ki nemi wata ɗaliba ku riƙa tashi tare. Ƙaramin gwangwanin feshin barkono halal ne a Teksas, ki riƙe shi a hannu lokacin tafiya, ba a ƙasan jaka ba.