Nauyin Photoshop a tsohuwar kwamfuta

Malam, ka ce Photoshop, manhajar gyaran hotuna, tana maƙalewa a kwamfutarka mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 4, kana tambayar ko sai ka sayi sabuwa. Ba sai ka saya ba tukuna. Ka ƙara RAM ya kai gigabait 8, mafi ƙarancin abin da Adobe, kamfanin da ya yi Photoshop, ke nema, sannan ka musanya tsohon faifan ajiya da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, domin idan RAM ya cika, a kan faifan manhajar take zuba aikinta.

Amma kafin ka nufi shagunan Circle a Accra, a fara share fankar da ke sanyaya kwamfutar. A shagonmu na Nima, ƙurar hunturu kan toshe ta, kwamfutar ta ɗauki zafi ta rage gudu da kanta, kuma SSD ba ya maganin wannan.