Kwikwiyona yana girma, wane abin wuya ya dace in horar da shi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kwikwiyo jinsin Jaman Shefad, watansa biyar. Abin wuyan da na saya masa tun yana da wata uku ya fara barin shaida a gashin wuyansa. Ga shi kuma in mun fita yawo jan igiya yake yi har yana tari. Wani abokina ya ce in nemo sarƙar nan da ke matse wuya idan an ja ta, ko mai haƙoran ƙarfe, wai da su ake ladabtar da manyan karnuka. Wanne zan saya, kuma yaya zan gane ya yi masa daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu zo batun saye, shaidar nan da ka ambata ita ta fi damuna, don haka yau ɗin nan ka duba wuyansa. Ka zura yatsu biyu a kwance tsakanin abin wuyan da fatarsa. Idan sun shiga ba tare da ka tura da ƙarfi ba, da sauran dama. Idan sai ka cusa, ko ɗaya kawai ya shiga, ya matse shi, ka sassauta ko ka cire. Bayan ka cire, ka baje gashin da hannu ka kalli fatar kanta, musamman ƙarƙashin haɓa inda ido bai cika zuwa ba. Gashi ya kwanta kawai ba matsala ba ce. Amma in ka ga ja, ko gashin ya zube ya bar fili, ko wurin yana da danshi da wari, ka bar wuyan ya sha iska, kuma in akwai rauni ka kai shi wurin likitan dabbobi. Likitoci suna ganin karnukan da aka saka wa abin wuya suna ƙanana aka manta, kare ya yi ta girma abin yana nan yadda yake, har ya nutse cikin nama, sai an yi aiki kafin a fitar da shi. Gashi ne ke ɓoye abin, mai kare bai ankara ba sai wari ya tona.

Jaman Shefad ba ya gama girma da wuri. Ƙananan jinsuna kan kai girmansu kafin su cika shekara, amma irin naka yakan kai wata 18 yana ƙaruwa, wuya da ƙirji kuwa suna ci gaba da cika har kusan shekara biyu. Saboda haka ka cire rai da sayen abin wuya guda da zai kai shi girma. Za ka canja sau biyu ko uku, kuma kada ka sayi babba da yawa da sunan zai girma ya cike shi, domin ranar da ya tsorata ya ja da baya zai zare kansa ya faɗa titi.

Wanda zai riƙa yawo da shi kullum ya zama shimfiɗaɗɗe, na nailan ko fata mai laushi, faɗinsa kamar santimita 2 zuwa 2.5, mai maɓalli da wurin ƙarawa da ragewa. Siriri yana tara ƙarfin ja a wuri guda, mai faɗi kuwa yana baza shi. Ka auna tsakiyar wuyan da tef irin na tela, karen yana tsaye, ka ƙara kamar santimita 5, sannan ka zaɓi wanda wannan awon ya faɗo kusa da inda ya fi matsewa, don ka samu wurin ƙarawa nan gaba. In ka ɗaura, ka yi gwajin yatsu biyu, sannan ka ɗan ja shi sama a hankali ta wajen kunnuwa. Bai kamata ya wuce kai ba. Ka ware rana guda a mako don wannan dubawa har ya cika shekara, daga nan kuma wata-wata.

Shawarar abokinka kuwa, na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma ban goyi bayanta ba, balle ga ɗan wata biyar. Gaban wuyan kare nan ne maƙogwaro yake, bututun iska da zobban guringuntsi suka riƙe. Gefensa akwai jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ga kuma ƙullutun tayirod, wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, a manne da shi. Sarƙa mai matsewa ba ta da iyakar da take tsayawa, iya ja iya shaƙa, kuma an gano matsin wuya yana ɗaga hawan ruwan cikin ido. Mai haƙoran ma da zafi take aiki, in ba ta yi ciwo ba ba ta hana komai. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne abin da kwikwiyon zai koya. Yana cikin murna ya hango yaro ko wani kare, ya zabura, sai ya ji azaba a wuya. In haka ta yi ta maimaituwa, yana iya ɗaukar yaron ko karen a matsayin sanadin ciwon, sai ka wayi gari da kare mai haushi da kai cafka a kan igiya. Wannan ya fi ja wuyar gyarawa nesa ba kusa ba. Na lantarki mai jan wuta ma haka, shi ya sa yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Tarin da yake yi alama ce cewa wuyan yana shan wahala tun yanzu. Ka mayar da igiyar yawo kan ɗamarar ƙirji, ka bar wa abin wuya aikin riƙe alamar suna da lambar wayarka. Ka nemi ɗamara mai siffar Y a gaba, wadda ba ta gitta kan kafaɗa ta hana ƙafa miƙewa, kuma mai zobe a ƙirji. In ka maƙala igiya a zoben ƙirjin, duk sanda ya ja sai jikinsa ya juyo wajenka, ƙarfin ya karye. Ita ma dokar yatsu biyu ta hau kanta a kowane maɗauri, kuma maɗaurin da ya zagaye haƙarƙari ya zauna ɗan nesa da hammata don kada ya goge fata. Bayan yawo ka cire ta. Idan kuma tarin ya ci gaba ko ba a jan sa, likita ya duba shi.

Akwai wani abin wuya da ake kira matingel, wanda ya yi suna wajen karnukan tsere masu siririn kai. Yana da ƙaramin madauki inda ake maƙala igiya, yana ɗan tsukewa in an ja, amma yana da iyaka. Ga karen da ya ƙware wajen zare kai yana da amfani. Ka daidaita shi yadda in ya tsuke har ƙarshe zai kama wuya ba tare da shaƙewa ba, kuma ƙarafa biyun da ke gefen ƙaramin madauki kada su haɗu, in sun haɗu ya yi sako-sako. Akwai kuma mai zagaye hanci kamar ragamar doki, sai dai yana buƙatar kwanaki kafin kare ya saba da shi, kuma ba a fizgar sa ko kaɗan, don wuya na iya murɗewa. A ganina naka bai kai ga buƙatarsa ba.

Duk waɗannan kayan riƙo ne, koyarwar kuwa a hannunka take. Kare yana ja ne saboda jan yana kai shi inda yake so. Ka ɗauki igiya mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, ba mai naɗe kanta ba, domin ita kullum a miƙe take, tana koya masa cewa da ja ake samun ƙarin fili. Da zarar igiya ta miƙe, ka tsaya cak, ba tsawa ba fizga. Zai ja, ya waiwayo, ya ɗan saki. A daidai lokacin da igiyar ta yi lanƙwasa ka yabe shi, ka ba shi ɗan abin kwaɗayi a gefen ƙafarka, ku ci gaba. Kwanakin farko ba za ku yi nisa ba, kada ka karaya. Ka fara a cikin gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali, minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, kuma duk wanda zai fita da shi ya bi wannan tsarin, in ba haka ba kana ɗauri wani yana kwancewa.

In za ka saka shi keji, ko zai yi wasan kokawa da wani kare, ka cire masa abin wuyan. Zobe yana iya maƙalewa a ƙarfen keji, haɓar abokin wasa kuma tana iya shigewa ƙarƙashin madaurin, su murɗe tare, ɗaya ya shaƙe cikin 'yan mintuna. Saboda irin wannan ne na fi son maɓallin da ake dannawa ya buɗe nan take a kan mai rami da ƙarfe, wanda sai ka ƙara matse wuyan kafin ka iya kwance shi.