Ga 'yar'uwar da ɗanta ke fama da tarihin Indiya da lissafi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na kasa wucewa. Kin ce bayan zuwanku Indiya daga gida an sa yaronki a aji takwas, jarrabawar rabin shekara ta ƙarato a Satumba, tarihin gwagwarmayar 'yancin Indiya ya ƙi zama masa, lissafi ma makinsa ya zube, har ya fara cewa cikinsa na ciwo duk safiya don kada ya je makaranta. Kina tambaya ko ki nemo malamin lesin, ko ki mayar da shi gida wurin kakarsa. Zancen ciwon cikin nan shi ya taɓa min zuciya, domin babbar 'yata ciwon kai take cewa, kuma a aji takwas ɗin ne ita ma.

Don Allah kada ki mayar da shi, kuma kada ki bari kowa ya sa miki a rai cewa ɗanki daƙiƙi ne. Yaran da yake zama da su tun suna goye suke jin sunayen nan. Fuskar Gandhi na kan takardar rupi da ake ba su kuɗin tara, titin unguwarsu sunan Nehru ne ko Patel ko Tilak, duk 15 ga Agusta da 26 ga Janairu, ranakun 'yancin kai da jamhuriya, ana yi musu shigar jaruman gwagwarmaya irin su Rani ta Jhansi ko Bhagat Singh a makaranta. Naki kuwa an jefa shi tsakiyar labari, an jibga masa sunayen da harshensa bai saba da su ba, an ce ya haddace. Ko ke aka yi wa haka sai kanki ya yi ciwo.

Maganar lesin kuwa, ki bi a hankali, a nan ne na ga baƙin ciki. Wata mata ce a bayan layinmu, tana tara yara a falonta da yamma, maƙwabta duk suna yabonta. Da ta ga mu baƙi ne ta ninka mana kuɗin wata, muka biya ba mu ce uffan ba, don a lokacin ko nawa aka ce za mu bayar. Kullum yarinya ta dawo da shafuka cike da rubutu, sai na yi zaton abu na tafiya. Ashe littafin amsoshi na kasuwa take ajiye mata, ta ce ta kwafa, ita kuma ta juya ta ci gaba da yi wa sauran bayani da Hindi. Kuma a bakin ƙofa take zaunar da ita, inda ake cire takalma. Yarinyar nan ba ta taɓa faɗa min ba, kin san su da zurfin ciki, tana tsoron kada babanta ya ce an yi asarar kuɗi. Wata 'yar maƙwabta ce da suke tafiya tare ta faɗa wa uwarta, uwar ta tsayar da ni a matakala ta gaya min.

Na yafa mayafina na tafi, ko girkin dare ban sauke ba. Na same ta a bakin ƙofar kuwa, takalman yara a gefen ƙafarta, littafi a kan cinya, tana kwafar abin da ba ta san ma'anarsa ba. Na tambayi matar cikin ladabi me ya sa ba ta koya mata. Ba ta ko tashi ba. A gaban yaran nan duka, da Turanci don 'yata ta ji da kyau, ta ce mutanenmu ba su da kan lissafi, ita taimakonmu take yi da ta karɓe ta ma. Yara suka yi dariya. 'Yar'uwa, na sha jin maganganu a ƙasar nan, a kasuwa da cikin jirgin metro, ban taɓa jin wadda ta ƙona ni kamar wannan ba, don ba ni aka faɗa wa ba, yarinya aka faɗa wa, kuma na ga ta yarda. Abin da ya fi ci min rai ke nan, ta yarda. A hanyar dawowa ta ce min, "Umma, ki daina ɓata kuɗinki a kaina." Kuɗin watan da muka riga muka biya matar ta ƙi mayarwa, na bar ta da Allah. Har yau in na hango ta a wurin mai kayan miya sai na sauya hanya, kuma ban yafe ba tukuna, Allah Ya sani.

Ba na cewa duk haka suke. Malamin lissafin ajinta na gaba mutumin kirki ne, shi ya riƙa tsayawa da ita bayan an tashi. Amma in za ki ɗauki mai lesin, ya zo gidanki, ki zauna a inda za ki ji abin da ake yi, kuma ki biya bayan wata ya cika.

Abin da ya fitar da mu a tarihi shi ne muka ajiye hadda muka koma labari, bayan sallar isha, ni da ita da littafin NCERT, hukumar gwamnati mai wallafa littattafan makaranta, wanda kyauta ake sauke shi a shafinsu na intanet. Sai na karanta babin da rana in ta tafi makaranta, da dare in ba ta labarin da Hausa. Muka manna doguwar takarda a bango muka rubuta shekaru uku kawai: 1757, 1857, 1947. Su ne sandunan igiyar shanya, duk sauran a tsakaninsu ake ratayawa. A 1757 kamfanin 'yan kasuwar Ingila ya ci Nawab Siraj ud-Daulah, sarkin Bengal, a yaƙin Plassey, saboda babban kwamandansa Mir Jafar ya ci amanarsa ya haɗa baki da Robert Clive, jagoran rundunar kamfanin. Shekara ɗari cif bayan nan, a 1857, sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin aiki suka yi bore, ya ɓarke a Meerut ranar 10 ga Mayu. Ɓacin rai ya daɗe yana taruwa, amma abin da ya kunna wutar shi ne sabon harsashi da sai an ciji bakinsa kafin a ɗura, aka ce an shafe shi da kitsen saniya da na alade. Da na faɗi haka ba sai na yi mata ƙarin bayani ba, ita da kanta ta ce to ai an taɓa Hindu an taɓa Musulmi lokaci guda. Sojojin suka nufi Delhi suka ɗaga dattijon sarkin garin, Bahadur Shah Zafar, Turawa suka murƙushe boren, suka kai shi Rangoon ya rasu a can a 1862, kuma daga 1858 mulki ya fita daga hannun kamfani ya koma hannun Sarauniyar Ingila. In kuna Delhi ki kai yaronki Lal Qila, tsohuwar fadar sarakunan garin, ran hutu, a nan aka yi wa sarkin shari'a, a nan kuma firaminista ke ɗaga tuta duk 15 ga Agusta. Abin da yaro ya taka da ƙafarsa ba ya mantawa.

Tsakanin 1857 da 1947 ne aikin yake. Jam'iyyar Congress 1885 a Bombay, raba Bengal 1905 da ƙauracewa kayan Ingila da ya biyo baya, jam'iyyar Muslim League 1906 a Dhaka, dawowar Gandhi daga Afirka ta Kudu 1915. Waɗannan ki bi su da sauri. Inda za ki tsaya shi ne Champaran, 1917, don wannan namu ne ya fi kowa saurin ganewa. Baba ake nomawa, irin wanda ake rini da shi, duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ya san shi. Turawa masu gandu suka tilasta wa manoman Bihar su shuka baba a kashi uku cikin ashirin na gonarsu, su kuma saye a farashin da suka ga dama. Gandhi ya je ya zauna yana rubuta koken manoma, aka ce ya fita daga gundumar ya ƙi. A nan na fara haɗa mata tarihin da lissafi ba tare da ta lura ba. Uku bisa ashirin kashi nawa ne cikin ɗari? Ta ninka sama da ƙasa da biyar, ta samu 15. In manomi na da fili sittin, nawa baba zai cinye? Tara. Ranar ne ta fara yin lissafi ba kuka.

Haka muka yi da tattakin gishiri na 1930. Gandhi ya tashi daga Sabarmati ranar 12 ga Maris da mutum 78, ya ɗebi gishiri a bakin teku a Dandi ranar 6 ga Afrilu don karya dokar da ta hana talaka yin gishirinsa. Tafiyar mil 240 ce cikin kwana 24, sai ki tambayi yaronki mil nawa ke nan a rana. Ki kuma tambaye shi me ya sa gishiri, bai zaɓi wani abu mai girma ba. Ki bar shi ya yi tunani har ya gano cewa babu gidan da ba a sa shi a miya, na mai kuɗi da na talaka, na Hindu da na Musulmi. Irin tambayar da ake yi musu a jarrabawa ke nan, dalili suke nema, ba shekara kawai ba.

Jallianwala Bagh kam ki shirya, yaro zai yi shiru. Ranar 13 ga Afrilu 1919 a Amritsar, mutane sun taru a fili da gini ya kewaye, mashigarsa ƙarama, wasu don ƙin dokar Rowlatt da ta ba da damar tsare mutum ba shari'a, wasu bikin Baisakhi ya kawo su gari. Janar Dyer ya tsaya da sojoji a mashigar ya sa aka buɗe wuta ba gargaɗi. Gwamnatin Turawa ta ce mutum 379 suka mutu, 'yan ƙasa suka ce sun fi haka nesa. In ya riƙe wannan, zai gane me ya sa a 1920 aka daina ba gwamnati haɗin kai, ɗalibai suka bar makarantunta, lauyoyi suka bar kotunanta, da kuma me ya sa Gandhi ya dakatar da komai a 1922 bayan an ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura.

Wani abu da ya dame ni, kuma ba shi kika tambaya ba amma sai na faɗa: tawa ta ɗauka babu Musulmi a labarin nan sai a wurin raba ƙasa. Ki nuna masa 'yan'uwan nan biyu, Muhammad Ali da Shaukat Ali, da suka jagoranci fafutukar Khilafat, ta kare kujerar halifa da ke Turkiyya, tare da Gandhi. Ki nuna masa Khan Abdul Ghaffar Khan na yankin Pathan, da Maulana Abul Kalam Azad, wanda a Makka aka haife shi, ya shugabanci Congress daga 1940 zuwa 1946, lokacin da aka ce wa Turawa su fice a Agustan 1942, ya kuma zama ministan ilimi na farko. Yaro na zaune shi kaɗai a aji ana karanta rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da rayukan da suka salwanta, yana buƙatar sanin waɗannan. Kuma ki faɗa masa Lugard da rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, a Madras aka haife shi a 1858, a Indiya ya fara aikin soja. Malam Aminu Kano ma ya ɗauki darasi daga Gandhi. Yana ba ni takaici 'ya'yanmu su san 1857 ba su san 1903 ba, wannan kuma babu malamin da zai koya musu a nan sai mu.

Lissafin, ki fara duba waƙafi kafin komai. Su dubu ɗari lakh ɗaya suke cewa, su rubuta 1,00,000. Tawa ta ga 5,00,000 da waƙafi biyu ta karanta miliyan biyar, alhali dubu ɗari biyar ne, ta yi ta faɗuwa a tambayoyin da ta iya. Lakh goma miliyan ɗaya, crore ɗaya miliyan goma, ki rubuta masa a bango. Sai jadawalin sau. Mu a gida a sha biyu muke tsayawa, wanda ke bayan littafin rubutu, yaransu da yawa sun haddace har ashirin, shi ya sa yake ganin kamar sun fi shi kai. Ba su fi shi ba, hadda ce, kuma yaron da ya yi makarantar allo hadda ba ta ba shi tsoro. Layi ɗaya kullum bayan asuba ya isa. Ki riƙa aikensa wurin mai kayan miya ya lissafo canji da kansa. Ki gwada shi da wannan yau: an sayi kaya rupi 80 an sayar 100, ribar kashi nawa ce? In ya ce 20, to a kan kuɗin sayarwa ya raba, amsar 25 ce don a kan kuɗin saye ake aunawa. Kuma ya riƙa rubuta kowane mataki, suna ba da maki a kan hanya ko amsar ƙarshe ta kuskure. Tawa a ka take yi ta rubuta amsa kawai, maki da yawa ya tafi a haka.

Kada ki manta da taswira, suna sa su nuna Champaran da Amritsar da Dandi, kuma ana sayar da taswirar Indiya marar suna a shagon littattafai da arha. Ki sayo da yawa ya yi ta cikawa. Sannan ki je makarantar da kanki, kada ki jira ranar taron iyaye, ki tambayi malamar aji a ina yake zama da wa yake cin abinci. Ciwon cikin nan wataƙila ba na littafi ba ne kaɗai.

Ba ki faɗi wane tsarin jarrabawa makarantarsa ke bi ba, CBSE ko ICSE, littattafan sun bambanta, kuma an sauya na aji takwas bayan wucewar tawa. Ki turo min hoton jerin babobin da za a yi musu jarrabawa a kai ta akwatin sirri, zan duba abin da ya dace da takardunmu na bango, suna nan ban zubar ba. In kuna kusa, tawa ta ce za ta zauna da shi ran Lahadi. Allah Ya buɗa masa, Ya ba ki haƙuri.