Tramol da maganin murɗawar ciki: shin ya halatta a haɗa su?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan karon, kuma dukkansu kan magana ɗaya suke, wato haɗa magungunan kashe zafi masu ƙarfi na dangin mofin, irin su tramol da kodin, da magungunan da ke sassauta murɗawar ciki, irin su Spasfon da Buscopan. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce mai sayar da hatsi a babbar kasuwar Maraɗi. Ya ce: "Na fi shekara biyu ina fama da ciwon ciki. Da na ci abinci sai cikin ya kumbura ya riƙa murɗawa, in na zagaya sai in ɗan ji sauƙi. Da Spasfon na fara, daga baya wani mai tallar magani ya ba ni tramol mai lamba 225, ya ce in haɗa da Buscopan. Da farko na ji daɗinsu ƙwarai, amma yanzu sai in yi kwana uku ko huɗu ban yi bayan gida ba, ciwon kuma ya ƙaru, har na koma shan biyu a rana. Wane maganin murɗawa ne ya fi dacewa da tramol? Kuma a farmasi zan saya, ko in sa a kawo mini daga Jibiya inda ya fi araha?"

Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Amsar ita ce babu ko ɗaya da ya dace da tramol a irin wannan ciwo naka, kuma kuɗin da kake shirin kashewa a kan su biyun gara ka kai su wurin gwaji. Bari in bayyana dalili dalla-dalla, domin na san wanda ya taɓa jin sauƙi da wani magani ba ya rabuwa da shi don kawai an ce masa ya bari.

Hanji tsoka ne mai matsewa yana saki, kuma da wannan motsi yake tura abinci gaba har ya fita. Tramol da kodin da mofin suna aiki a ƙwaƙwalwa su dusashe jin zafi, amma a jikin bangon hanji ma akwai wuraren da suke kamawa, inda suke rage wannan motsi. Idan abin da aka ci ya daɗe a babban hanji sai jiki ya tsotse ruwansa, bayan gida ya bushe ya yi tauri, iska ta taru, ciki ya kumbura. Shi kuwa Buscopan, wanda sinadarinsa shi ne hiyosin, aikinsa tare saƙon da jijiya ke kai wa tsokar hanji cewa ta matse, shi ya sa yake kwantar da murɗawa. To, ka ga magunguna biyu ne da suka bi hanya daban-daban suka haɗu a kan abu ɗaya, kamar a ɗora wa jaki kaya sannan a dabaibaye shi ta gaba da ta baya. Kwana uku ko huɗun da kake yi ba ka zagaya ba daga nan suka samo asali, kuma idan abin ya yi tsanani hanji yakan tsaya cak, wanda wannan matsala ce ta gaggawa da sai an kwantar da mutum a asibiti.

Akwai wani abu kuma da masu tallar magani ba sa faɗa, wataƙila don su ma ba su san shi ba. Jiki yakan saba da kashe zafin da tramol ke yi, har ƙwaya ɗaya ta daina isa, amma hanji ba ya sabawa da dabaibayin, saboda haka duk lokacin da ka ƙara ƙwaya taurin bayan gida kake ƙarawa. Bayan haka, a jikin wasu mutane daɗewa ana shan waɗannan magunguna yana sa jijiyoyi su riƙa jin zafi fiye da da, ta yadda maganin da aka sha don ciwon ciki shi ne ke hura wutar ciwon. Likitocin ciki sun san wannan hali sarai, har kwamitin ƙwararru na duniya da ke fitar da ƙa'idojin da ake kira Rome ya sa shi cikin jerin cututtuka a bugunsa na huɗu a 2016. Sannan ga tarko na uku: idan ƙarfin ƙwayar ya fara barin jiki, musamman da asuba, sai mutum ya ji murɗawar ciki da gumi da hamma da rashin natsuwa, wani lokaci har da zawo. Sai ya ɗauka tsohon ciwonsa ne ya taso, ya sake haɗiyar ƙwaya, ya ji sauƙi, ya ƙara sakankancewa cewa ita ce maganinsa, alhali jiki ne kawai yake neman abin da ya saba da shi.

Game da lambar da ka ambata, tramol ɗin da lokotoro ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha a yini guda shi ne miligiram 400. Ƙwaya biyu masu lamba 225 sun kai 450, ka riga ka wuce iyaka ke nan, kuma wuce iyaka a tramol yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Wannan ma idan abin da aka rubuta a jikin katin shi ne ainihin abin da ke cikin ƙwayar, domin maganin da ya kwana a buhu ya yini a faranti cikin rana babu mai iya rantsuwa a kansa. Ya isa amsa ga tambayarka ta Jibiya.

Kada kuma ka ce to bari in koma Spasfon in haɗa shi da tramol. Gaskiya ne shi ba ya busar da baki ko tsayar da fitsari kamar Buscopan, amma bayanin da masu yin sa suka fitar ya ce a guji haɗa shi da mofin da danginsa, saboda su waɗannan magunguna da kansu suna sa wasu tsokokin ciki su ɗaure, wato suna warware aikin da aka saye shi dominsa. Hasarar kuɗi ce kawai.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka tattara katunan duk abin da kake sha, ka kai wa lokotoro a cibiyar lafiya ta unguwarku ko babban asibitin Maraɗi, ka gaya masa gaskiyar yawan da kake sha da tsawon lokacin da ka ɗauka, ba tare da ka rage ko ɗaya don kunya ba. Kada ka yanke tramol rana ɗaya, domin bayan watanni ana sha yankewa farat ɗaya tana da wahala mai tsanani, kuma yawanci ita ke mayar da mutum ruwa. Ana rage shi ne kaɗan-kaɗan cikin makonni bisa tsarin da lokotoro zai shata, tare da maganin tausasa bayan gida irin su laktuloz ko makrogol. Daga nan sai a nemi asalin ciwon, wanda shekara biyu ke nan ana lulluɓe shi. A wannan yanki namu abubuwan da ake fara dubawa sanannu ne: gwajin bayan gida don tsutsar ciki da ƙwayoyin atini, gwajin ƙwayar cutar da ke haddasa gyambon ciki, wadda ake kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14, gwajin jini har da na ciwon hanta, da hoton eko, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin ciki, idan ana zargin tsakuwa a matsarmama. Ya kamata kuma a tambaye ka ko kana yawan shan diklofenak ko ibuprofen, domin su kaɗai sun isa su ƙwaƙule ciki.

Yadda ka kwatanta ciwon, da kumburi bayan cin abinci da samun sauƙi bayan an zagaya, ya yi kama da abin da ma'aikatan lafiya a nan ke kira kolopati, wato hanji mai saurin harzuƙa ba tare da an ga rauni a jikinsa ba, ko da yake wanda ya duba ka ne kaɗai zai tabbatar. Idan shi ne, to nan maganin murɗawa yake da amfani, amma shi kaɗai, a sha lokacin da ciwon ya taso, a gwada na ƴan makonni, in bai yi ba a canza wani. Mutane da yawa suna samun sauƙi idan suka lura da abincin da ke tayar musu da ciwon, galibi wake da ɗanyar albasa da madara da yaji mai yawa, suka kuma yawaita ruwa da miyar kuka ko kuɓewa. Wani lokaci lokotoro yakan rubuta amitiriftilin kaɗan da dare, wanda ke rage kaifin jijiyoyin hanji, sai dai shi ba a haɗa shi da tramol saboda haɗin yana ƙara haɗarin jijjiga, kuma wannan wani dalili ne da ya sa dole ka faɗi gaskiya tun a zaman farko. Amma idan ka ga jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko kana ramewa ba dalili, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idanu sun yi rawaya, ko ciki ya kumbura ya yi tauri ko iska ba ta fita, to kada ka jira wayewar gari, kuma kada kowa ya ce maka basir ne.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Tibiri. Ta ce mahaifinta ya haura shekara saba'in, ya daɗe yana kukan ciki, sai ƙaninta ya sayo masa Buscopan da wani maganin ciwon jiki mai kodin a ciki. Yanzu tsohon yana yawan gyangyaɗi, bakinsa na bushewa, fitsari kuma sai ya yi ta nishi kafin ya ɗiga. Tana tambaya ko ta sayo masa maganin fitsari.

Ƴar'uwa, kada ki sayo komai, ku kai Baba asibiti yau. Dattawa maza da yawa suna da kumburin furostat, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kumburin da tun asali yake ƙuntata hanyar fitsari, sai ga Buscopan yana raunana matsewar mafitsara, kodin kuma yana ƙara ɗaure bakinta. Idan fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, mara ta kumbura tana ciwo, sai an sa roba an fitar da shi, kuma jinkiri yana taɓa ƙoda. Buscopan bai dace da mai irin hawan jinin idon da ke tasowa farat ɗaya ba, yana iya sa zuciya bugawa da sauri, yana kuma rage gumi, abin da ba ƙaramin haɗari ba ne ga tsoho a zafin watan Afrilu da Mayu na Maraɗi. Ku tafi da kwalayen magungunan a hannu. Nan gaba kuma, duk maganin ciwon jiki da za ku saya ku sa mai farmasi ya karanta muku abin da ke ciki, domin akwai masu ɗauke da kodin ko tramol ko garin ofiyom a haɗe da farasitamol, sunan da ke jikin kwalin kuwa ba ya nuna haka.

Ta uku daga wani malamin makaranta ne a Tasawa, wanda aka tabbatar wa mahaifiyarsa ciwon daji a ciki da ya riga ya yi nisa. An rubuta mata mofin da Buscopan, shi kuwa saboda abin da yake gani tramol na yi wa samari ya riƙe takardar bai saya ba, yana tsoron kada ta zama mai shaye-shaye a ƙarshen rayuwarta.

Malam, Allah ya sassauta wa Inna, ya ba ku ladar jinya. Ka je ka saya. Duk abin da na faɗa a sama ya shafi ciwon da za a zauna da shi shekaru ne ba tare da an san asalinsa ba, kuma mai shi yana sayen magani da kansa. Halin mahaifiyarka daban ne: an san cutar, an san irin azabar da take bayarwa, kuma wanda ya rubuta takardar yana bibiyar jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mofin da hiyosin cikin jerin magungunan da babu makawa sai da su wajen jinyar masu irin wannan ciwo, kuma tun 1986 ta fitar da tsarin hawa-hawa na kashe zafin ciwon daji wanda mofin ke matakinsa na sama. Haka ma a asibiti akan haɗa irin waɗannan magunguna na ɗan lokaci ga wasu masu ciwo mai tsanani, ƙarƙashin idon ma'aikata. Hana ta magani don tsoron sabo zalunci ne da ba ka yi niyya ba.

Abin da ya rage gare ku shi ne kiyaye ƙa'ida. A ba ta a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai ta fara kuka sannan a ɗauko. Ku tambayi lokotoro maganin tausasa bayan gida tun ranar farko, amma kada ku sayo shi da ka, domin idan ciwon ya toshe hanji akwai irin da bai kamata a ba ta ba. Ku lura da fitsarinta da numfashinta, in ta yi barcin da ake tashinta da ƙyar ko numfashi ya yi ƙasa sosai ku koma asibiti nan take. Mutum ɗaya ya riƙe maganin a akwati mai makulli, yana rubuta duk abin da aka bayar da lokacinsa a ɗan littafi, wanda za ku riƙa tafiya da shi duk ranar da za a ga lokotoro, kuma abin da ya saura a mayar da shi farmasin asibiti, kada a ajiye shi a gida don wani mai ciwon ciki.