Wace Talabijin Ce Ta Dace da Ƙaramin Falo?

Tambaya: Ina son in sauya tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙusumbi da ta bango, amma mai shago ya rikita ni da HD, Full HD da 4K. Wacce zan ɗauka? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, bambancinsu yana cikin yawan ɗigon da ke haɗa hoto. Full HD tana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, 4K kuwa jimillar ɗigonta ta ninka na Full HD sau huɗu. Sai dai idan dikodarku ba ta kawo hoto mai wannan inganci, kuɗin 4K asara ne, kuma Full HD mai inci 43 ta wadatar da falon da kujerunsa ke da tazarar mita biyu daga bango. Kada sunan LED da za ki gani a jikin wasu ya ruɗe ki, domin ita ma LCD ce, wato siririyar talabijin ta bango da aka saba da ita, fitilun da ke haska ta daga baya ne suka bambanta.

Kafin ki biya, ki sa a kunna ta a nuna farin allo, sannan baƙi, ki matso ki duba ko akwai ɗigon da ya mutu. Ki kuma ware kuɗin sitabilaiza, saboda wutar da ke dawowa da ƙarfi takan ƙona ta.